Shaidar Mai Wankan Gawa

Shekara talatin da ɗaya Kunyamina ta yi tana wanke matattun matan garinmu, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ce uffan a kan abin da ta gani. A garin da ko kifi mutum ya saya sai labarin ya riga shi isa gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tata kowa yake ce mata, wato babbar yaya, har waɗanda suka girme ta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ƙanshin kafur ba ya barin mayafinta. Wajen surukarta ta koyi aikin. Mijinta masunci ne, teku ta tafi da shi ba a ga gawarsa ba, ya bar ta da ɗa guda, Kunyali, wanda yanzu yake tuƙi a Jidda. Ita ta wanke mahaifiyata, kuma har yau ban san ko ta ga tabon ƙunar da Ummata ta ɓoye mana shekara da shekaru ba.

Ni sunana Suhara. Lauya ce a ofishin taimakon shari'a kyauta da ke harabar kotu, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka. Da can rigimar iyakar gona da ta ciyarwa ce abincinmu. Yanzu kuwa sai ƙarar gidajen tsofaffi, domin a nan yankinmu na Malappuram gidaje sun yi girma, mutanen ciki sun ƙare. Maza suna Sharja da Jidda suna aiko da kuɗin gina bene, ba wanda zai juya tsohuwa a kan gado. Sai a kai ta gidan tsofaffi a ɓoye, a ce wa maƙwabta tana asibiti ana yi mata tausar gwiwa. Kowa ya san ƙarya ce, kowa kuma yana tambayar yaya gwiwar.

Wata safiya ana tsuga ruwa wata mata ta shigo, lemarta na ɗiga a kan takarduna. Ta ce sunanta Ramla, 'yar Biyatu ce, wadda aka binne kwana tara da suka wuce.

"Ina son in kai ƙarar gidan tsofaffin nan na kan tudu, na bayan gonar roba," in ji ta. "Sun bar Ummata ta ruɓe da ranta."

"Kin gani da idonki?"

"A'a."

"Akwai hoto? Likita ya duba ta?"

"Da hantsi ta cika, kafin la'asar an rufe ta. Wane likita?"

"To me kike da shi, baiwar Allah?"

"Auduga," ta ce. "Ni nake miƙa ruwa a wajen wankan. Da Tata ta juya ta, sai ta ce duk mu fita. Ƙunshin auduga uku ta aika a sayo. Ummata ba ta kai nauyin buhun shinkafa ba, me za ta yi da ƙunshi uku?"

Sauran labarin da na tono ya fi wannan ban haushi. Wata goma sha huɗu Biyatu ta yi a gidan. Da suka ga ta kusa, sai suka buga wa ɗanta Alawi waya a Sharja. Ya hawo jirgi a gigice, ba don ya kai ta asibiti ba, sai don kada a ce uwarsa ta mutu a gidan tsofaffi. A wajenmu wannan abin kunya ne da ake gadar wa jikoki. Ya ɗauko ta a mota mai baƙin gilashi, ya kwantar da ita a ɗakinta na da, aka kunna turare, aka buɗe ƙofa maƙwabta suka zo dubiya. Kafin su sake ta kuwa, masu gidan sun miƙa masa takarda. An rubuta cewa iyalinta sun ɗauke ta don raɗin kansu, jikinta lafiya lau, ba su da wani ƙorafi. Alawi ya sa hannu a tsaye, ko zama bai yi ba. Ya samu abin da yake so: bayan kwana biyu uwarsa ta mutu a gidanta, liman ya yabi ɗa mai biyayya.

Shaida ɗaya ta rage a duniya, kuma tana cikin idon Kunyamina.

Na sami Kunyamina a tsakar gida tana kankare kwakwa. Ta zuba mini baƙin shayi, ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"'Yar nan, ke da kika yi karatu har kika sa baƙar riga, ba a koya miki cewa mai wanka ba ta da baki ba?"

"Tata, zalunci aka yi."

"Zalunci? Yau kika fara ganinsa? Ni na wanke amare da shatin bulala. Na wanke wadda aka ce zazzaɓi ne, ni na san ba zazzaɓi ba ne. Na rufe, na ɗaure, na tafi gida na dafa shinkafata. Amana ce. Mace ta tuɓe a gabana ba don tana so ba, sai in ɗauki bayanta in kai wa maza a kotu?"

"Akwai tsofaffi arba'in a gidan nan yanzu haka."

"Sha shayinki, zai huce."

Na fita raina a ɓace, har na ce a zuciyata tsohuwar banza mai taurin kai. Daga baya na ji ta je wurin liman. Ya ce mata in don a hana cuta ne, faɗi ba laifi, har da lada. A ɗakinsa ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, kuma bai taɓa maimaitawa a inda mutum na uku zai ji ba.

Wata biyu shiru. Sai ga ta a ofishina da tsakar rana, ba sallama, ta zauna a kan benci tana haki. Daga wajen wanka take. Wata tsohuwa ce, ita ma an dawo da ita daga gidan kan tudu ana saura kwana ɗaya ta cika.

"Iri ɗaya," ta ce. "Har da shatin igiya a wuyan hannu. Ɗaure su suke yi, 'yar nan. Da na yi magana tun ta Biyatu..." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Kawo takardarki."

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na san ƙarar ba ta da ƙafafu. Na san takardar Alawi za ta danne komai. Iyalan tsohuwa ta biyun sun ce ko sunan uwarsu na ambata za su kai ni ƙara. Amma na gaji da faɗuwa, ina son ko sau ɗaya alƙali ya ji da kunnensa. Na dubi matar nan na ce mata in ta yi magana za a rufe gidan. Ta yarda da ni saboda ta san uwata.

Ranar zaman kotu ta sa farin mayafinta na Idi. Lauyan gidan tsofaffin mutum ne mai santsin baki, ya tashi yana murmushi.

"Tata, a wace jami'a kika karanci likitanci?"

"Ban yi makaranta ba."

"To yaya kika san ciwon kwanciya ne, ba ciwon sukari ba?"

"Ɗana, mata sun fi ɗari takwas da na juya. Kai nawa ka juya?"

Aka yi dariya, alƙali ya buga tebur. Daga nan ba wanda ya sake dariya. Ta faɗi komai, a hankali, idonta a ƙasa. Rami huɗu ne, biyu a ƙugu, ɗaya a gadon baya, ɗaya a diddige. Na ƙugun dama, in ji ta, hannunta ya shige har wuyan hannu, kuma ta taɓa ƙashi. Ta ce ciwo irin wannan ba ya yin haka a kwana biyu, sai an bar mutum a gefe ɗaya cikin fitsarinsa watanni. Ta ce sai da ta cire abubuwa masu motsi kafin ta cusa audugar. Ramla ta fita da gudu ta yi amai a bakin baranda.

Lauyan bai musa ko kalma ɗaya ba. Takarda kawai ya ɗaga, ya karanta ta da ƙarfi, ya nuna sa hannun. Ya ƙara da wasiƙar da Alawi ya aiko daga Sharja, yana cewa shi dai lafiya ya karɓi uwarsa, ƙanwarsa ce take neman ɓata sunan gida. To me zai ce? In ya yarda da ramukan, ya yarda ke nan wata goma sha huɗu bai ɗaga zanen uwarsa ya duba ba. Bayan wata bakwai aka yanke hukunci: ba rahoton likita, ba hoto, ga takardar iyali, an kori ƙara. Gidan kan tudu ya yi sabon fenti a wannan shekarar.

Ba wanda ya zagi Kunyamina. Mutanenmu ba sa haka, sun fi ƙwarewa. Ana gaishe ta a hanya, ana tambayar Kunyali. Kira ne kawai aka daina. An yi rasuwa a gidan da ke jikin katangarta, tana zaune da kafur da ganyen magarya a ƙulle tana jiran a ƙwanƙwasa, sai ta ga mota ta sauke wata mai wanka daga garin gaba. Wata maƙwabciya ta faɗa mini dalili ba kunya: "Wa zai so a karanta bayan uwarsa a kotu?" Sai a lokacin na gane. Shekara talatin da ɗaya suna girmama ta ne saboda ta san asirin kowane gida ta yi shiru. Ranar da ta buɗe baki sau ɗaya, kowa ya tuna abin da ta gani a gidansa.

Na je ba ta haƙuri. Ta ce, "Kin ce za a rufe." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta kuma zuba mini shayi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shekara uku ke nan. Gwiwoyinta sun ƙi, sau biyu tana faɗuwa a bakin rijiya. Kunyali ba zai iya barin aiki ba, matarsa tana can tare da shi. A watan jiya ya bugo waya ya ce ya samo mata wuri mai kyau, ba na kan tudu ba, wani ne daban, akwai ma'aikatan jinya da talabijin. Ya ce in an tambaya a ce tausar gwiwa za a yi mata.

Ran Litinin mai keke mai ƙafa uku ya sauke ta a ƙofar ofishina. Da sanda ta shigo.

"Rubuta mini takarda," ta ce. "Ki ce ni Kunyamina, da hankalina, na yafe sirrina. Wadda duk ta wanke ni, abin da ta gani a jikina ta faɗa. Ta kira likita, ta ɗauki hoto, kada a rufe ni sai an duba. Ki ƙara da cewa duk takardar da ɗana zai sa wa hannu a tsaye, ban yarda da ita ba."

"Tata, gaskiya ban san ko kotu za ta karɓi irin wannan ba."

"Ta Alawi ta yi ƙarfi, tawa ce ba za ta yi ba?"

Na rubuta. Ta dangwala babban yatsa, ta ninke takardar ta sa a leda, ta cusa cikin ƙunshin likkafaninta da ta daɗe da tanada. Ta tashi har ta kai ƙofa, sai ta juyo.

"Saura mai wankan. Waccan ta garin gaba irina ce ta da, rufewa za ta yi ta tafi gida."

"Ni zan yi," na ce. Bakina ne ya riga ni.

"Ke? Ko kaza kin iya wankewa?"

"Sai ki koya mini."

Jiya Juma'a na je. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, ta nuna mini yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, da yadda ake riƙe zane don kada tsiraici ya bayyana. Na ɗauko matashin kai don mu gwada da shi, ta ture shi gefe. Ta kwanta da kanta a kan tabarmar, da ƙyar, tana nishi, ta miƙe ƙafafu ta rufe ido.

"Surukata ta ce daga dama ake farawa," in ji ta. "Ke kuwa kafin ki taɓa ruwa, ki fara juya ni. Sa hannu a nan, ƙarƙashin kafaɗa. Yawwa. Yanzu ɗaga rigar ki duba bayan da kyau, ki san yadda zan tafi da shi gidan tsofaffin."