Randar da ke zufa

A gidanmu na Masama, in aka yi sallar isha'i, murhun Inna muke zagayewa. Kakarmu ce, 'yar gidan maƙera, shi ya sa tatsuniyarta ba ta rabuwa da wuta da ƙarfe. Kuma duk wanda ransa ya ɓaci a gidan nan, babba ko yaro, ɗakinta yake nufa, ya fito yana dariya. Ina sonta ƙwarai, ko da yake bakinta ba ya raga wa kowa.

"Ku matso, ga wata ta taho," in ji ta, ta dubi ƙanena. "Kai Sani, ruhe bakinga naka kada sauro ya shiga."

Wai an yi wani maƙeri mai randa a bakin maƙerarsa. Ruwanta sanyi ƙarara, matafiya na ratsowa su sha, su bar masa aikin fartanya da lauje. Sai ya lura kullum jikin randar a jiƙe yake, kafin yamma ruwan ya ragu. Mutumin ga maƙo, abin ya tsaya masa a rai. Ya narka ƙaro ya shafe ta tas.

"Ruwa ya bar raguwa," in ji Inna, "amma ya koma awa na wankan jego. Wa ka ratsowa shan ruwan zahi? Maƙera tam mutu. Shi ya aza yoyo ta kai, ashe zuhwa ta kai, zuhwar nan kuwa ita ka kawo sanyi."

Mu dai dariya muka yi, muka tafi barci.

Yau walda nake yi a zauren gidana a Kalgo. Injina naɗin hannu ne, wayoyinsa a nutse cikin mai, kuma da shi gidana ke ci. Bazarar bara man ya riƙa ɗaukar zafi har ina jin ƙaurin waya. Na maƙwabcina haka ya fara kafin ya ƙone, har yau bai tashi ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Na ciro bututun jan ƙarfe daga tsohon firji, na murɗa shi cikin man, na haɗa da ɗan famfo mai zagayo da ruwa daga duron roba. Kafin azahar ruwan duron ya yi zafin da za a fige kaza da shi. Ina tsaye ina harararsa, na shafa jikinsa na ji shi a bushe ƙayau. Nan maƙerin Inna ya faɗo mini.

Na sayo babbar randa a madadin duron, na girke ta kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, inda iska ke ratsawa. Injin ya fita bazara lafiya. Sai dai kowace safiya dole a cika ta, har matata Hadiza ta gaji.

"Malam, wagga randa taka ta hi awaki shan ruwa," in ji ta.

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Abin da ke sanyaya wani, raguwa yake yi. Shekara da shekaru gida guda muna kai wa Inna zafinmu muna kwasar sanyi. Na yi ta laluben ranar da wani cikinmu ya zauna ya tambaye ta abin da ke damunta. Har ta rasu, ban tuna ko ɗaya ba.