Kalma Ɗaya a Shafi na Huɗu

Wata goma sha huɗu ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Wasu sun kira sun tambaya, wasu sun yanke hukunci da kansu. Har na ji an yi mini addu'ar mamaci a wani zauren hira na waya. Na gode da addu'ar, amma ina nan a Ƙofar Durbi, kuma da hannuna nake rubuta wannan.

Sankarar huhu ce.

Da busasshen tari ta fara. Na sha zuma da citta, na sha maganin kemis. Da na je asibiti aka ce tarin fuka ne, duk da gwajin majina bai nuna komai ba. Wata shida ina haɗiyar ƙwayoyi, ina ramewa. Ranar da na kasa hawa matakala tara na ofishinmu ba tare da na zauna ba, na ce a sake dubawa.

Aka ɗauki hoton ƙirji, aka saka ni cikin babbar na'ura, aka tsaga tsakanin haƙarƙarina aka ciri tsoka. Sakamakon ya ɗauki mako uku. Filin da marigayi mijina ya bar mini a Kambarawa, a nan ya tafi.

Ga masu raɗa: ban taɓa shan taba ba, a fili ko a ɓoye. Ko da na sha, ba zan cancanci raɗar ba.

Na ji tsoro. Shekara ashirin ina gyara labaran mutuwar wasu a ɗakin labarai, ban san haka abin yake ba.

A asibitin koyarwar da aka tura ni, wata likita ta ce ana wani bincike: ana gwada sabon magani a kan wanda aka saba bayarwa, kuma irin ciwona ya dace. Ta ba ni takardar amincewa, kwafi biyu, Turanci da Hausa. "Hajiya, ki je gida ki karanta. Babu dole. Ko kin shiga, duk ranar da kika ce kin fasa, kin fasa."

Yaya Sada, babban wanmu, shi ne uban gida tun rasuwar mahaifinmu. Ya ɗauki ta Hausar, ya gyara tabarau, ya karanta a tsakar gida. A shafi na huɗu ya tsaya.

"Binta, kin ga mi suka rubuta? Caca! 'Za a yi caca don zaɓen maganin da za a ba ki.' Su yi gwaji da ke kamar ɓera, kuma da caca? Ba da yawuna ba. Ba inda za ki tahi."

Ban raina tsoronsa ba. A ƙasar nan, wanda ya ji "gwajin magani" gabansa ya faɗi, yana da dalili. Kuma ni ma ba zan jingina raina da haram ba.

Amma aikina ke nan. Na ɗauko ta Turancin da jan birona, na jera su layi da layi. Abin da ake nufi shi ne na'ura ce za ta raba marasa lafiya gida biyu, ba likita ba, don kada son rai ya shiga. Babu mai zuba kuɗi, babu mai cinye na wani. Mai fassara ne ya ɗauko kalmar da ta fi kusa da bakinsa.

Na ce, "Yaya, wannan ƙuri'a ce. Da muka raba gonar Baba, kasona da na 'yar'uwarmu Hadiza suka zo daidai, me ka yi?"

Ya ce, "Ƙuri'a."

"Caca ka yi da gadonmu?"

"Ke dai bakinki ko ciwo bai rage shi ba."

Ya ce duk da haka ba zai sa hannu ba. Na nuna masa layin ƙarshe. Wuri ɗaya ne, sunana ne a ƙasansa. Na ce albarkarsa nake nema, hannun kuwa nawa ne. Na sa hannu a gabansa. Kwana tara bai yi mini magana ba. Ranar tafiya, na fito na tarar da shi a gaban mota da jakarsa.

Na miƙa wa likitar takardar da jan gyarana. Ta karanta, ta dafe kai. Ta ce yanzu ta gane abin da ya sa wasu iyalai suka karɓi takardar ba su dawo ba. Aka kai gyaran gaban kwamitinsu, aka sake bugawa.

Ƙuri'ar ba ta ba ni sabon maganin ba. Tsohon ta ba ni. Na yi kuka a banɗakin asibiti, na wanke fuska, na koma layi. Ban fasa ba, don in babu mu masu tsohon, babu abin da za a auna sabon da shi.

Duk mako uku: awon jini, ƙarin ruwa, amai, kwana biyu komai ɗanɗanon ƙarfe. Gashina ya zube. Magani da hotuna kyauta ne, kuɗin mota da masauki namu.

Hoto na uku ya nuna ƙarin da ke huhuna ya tsuke. Na ƙarshe ya nuna bai motsa ba. Likita ba ta ce na warke ba, ni ma ba zan rubuta abin da ba a tabbatar ba. Na koma aiki. Ina cin tuwo.

Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan jinyar da suka san jijiyoyina fiye da ni, da Yaya Sada da bai bar ni na yi tafiya ko ɗaya ni kaɗai ba.

Tarin da ya wuce mako uku, a je asibiti. In ana shan maganin tarin fuka ba sauƙi, a nemi a sake bincike, ba rashin kunya ba ne. In an ba ku takardar bincike, ku tambayi wa ya amince da shi, wa zai biya in wani abu ya same ku, da yadda ake fita. Kuna da ikon ƙi. Amma kafin ku ƙi, ku sa a bayyana muku kowace kalma, har sai kun tabbata abin da kuke ƙi shi ne abin da ake nufi.