Sa Hannun Mijin Yayata

Mijin yayata fata yake sayarwa a kasuwar Sakkwato, kafin kuɗin mai su mayar da shi ɗan kwangilar gina azuzuwa a zamanin soja. Ko harafin boko ɗaya bai sani ba, amma ya koyi sa hannu, wani zagaye mai jela. Daga nan bai ƙara yarda a karanta masa takarda ba. A ganinsa wannan raini ne.

A haihuwarta ta biyar Yaya ta kwana biyu tana naƙuda, jini ya ɓalle, aka yi mata tiyata. Ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta sha. Likita ya ga wani cikin zai iya kashe ta, ya kawo takardar izinin ɗaure mata mahaifa. Aka ce a kira tafinta, gogan naku ya ce shi da ke hulɗa da ma'aikatar ayyuka ba ya buƙata. Ya zana jelarsa ya fita.

Shekara uku shiru, ga 'ya'ya huɗu duk mata, shi kuma ɗa namiji yake so, ya rubuta sunansa a allon kamfani. Ba malamin da bai kai wa rago ba, daga Mabera har Dundaye. Yaya ta sha rubutu, ta sha saiwa, ta yi hayaƙi har zannuwanta suka koma warin kauci. Duk abin da aka kawo sai ta karɓa, kuma wannan haƙurin nata yana ba ni haushi ƙwarai.

Lokacin na gama makarantar jinya, an tura ni asibitin da aka yi mata aiki. Na nemo katinta don karambani, sai ga takardar, ga sa hannun. Ban tsaya shawara da kowa ba. Na same shi a zaure cikin 'yan koransa, na karanta masa ita da Hausa, dalla-dalla. Gaskiya na ji daɗin ganin fuskarsa.

Na ɗauka kunya za ta kama shi. Ina! Tambayarsa ɗaya, ko abin da aka ɗaure ana kwance shi. Wani likita ya gaya masa a Landan ana sake haɗa jijiyoyin, amma ba kullum ake dacewa ba, kuma ciki hatsari ne gare ta. Rabin farko kawai ya ji. Shi dai a wurinsa gyara ne, kamar na mota. Kafin sati ya yi mata fasfo.

Na shiga ɗakinta ina jiran godiya. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Ke auta, wa yas sa ki? Na sani tun ran da munka baro asibiti, ungozoma ta hwaɗa mini. Da in koma bisa gadon nan, gara in sha rubutu har in tsuhwa."

Na ce zan je in roƙe shi ya fasa. Ta ce yanzu da duk zaure ya ji, ai ba zai iya ba. Ranar tafiyar ni na ɗaukar mata jaka zuwa filin jirgi, ta bar mini amanar 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.