Wankan Mutum-mutumi

Ko na tsufa har na fara manta sunayen jikokina, ba zan manta da Asabar ɗin da surukata ta yi wa mutum-mutumi wanka ba.

Lokacin ina koyar da kwamfuta a wata 'yar makaranta a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, cikin Kano. Ba mu da ƙarfin sayen kayan zamani, sai muka shiga tsarin karɓa-karɓa na wata cibiya a Tarauni. Cibiyar na da wani ɗan mutum-mutumi mai tafiya a kan tayoyi, bai fi kwanon sha ba, da kuma na'urar da ke narka roba ta ƙera duk abin da aka zana a kwamfuta. Na'urar a can ake samunta, shi kuwa mutum-mutumin zagaya makarantu yake yi. Sharaɗi ɗaya ne: makarantar da ta lalata shi, an cire ta daga layi. Ɗalibaina sun sha jira kafin layi ya zo kanmu, kuma ranar Litinin za su nuna wa iyayensu yadda suka koya masa tafiya yana kauce wa kujeru.

Makarantarmu ba maigadi, don haka ranar Juma'a na taho da shi gida. Inna, mahaifiyar mijina, ta gan shi a kan tebur ta ce, "Wannan kuma na wane ne?" Na ce, "Kayan aro ne, Inna, mayarwa zan yi." Ta dube shi, ta ga shatin hannun yara da baƙin mai a tayoyinsa, ta taɓe baki ta wuce.

Washegari na tafi suna Hotoro. Ina dawowa na hango shi a tsakar gida, an kife shi a kwandon wanke-wanke tsakanin tukunya da ludayi, rana tana dukansa. Innalillahi! Ashe shi ma jikinsa da waccan robar aka ƙera shi, ita kuwa ba ta shiri da zafi. Wuyansa ya karkace, taya ɗaya ta lotse, ruwa na ɗiga ta inda ake sa caji. Sai ƙamshin turaren wuta yake yi.

Inna ta fito da fara'arta. "Kin gan shi fes? Sai da na tafasa ruwa maiƙon nan ya fita. A gidanmu ba a mayar da kayan aro da dauɗa, sai a ce ba mu da tarbiyya."

Jama'a, uwar miji ce. Zuciyata na tafasa, idona ya kawo ruwa, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu da aiki, Inna." Ta ce, "Yauwa. Ki bar shi ya ƙarasa bushewa."

Da ta fahimci abin ya daina motsi, ta ce lallai da ita za a je cibiyar a mayar da shi. Muka hau adaidaita, ni rungume da gawar mutum-mutumi, ita rungume da kwanon dambun nama, wai ba a mayar da aro hannu rabbana.

Shugabar cibiyar 'yar Kudu ce haifaffiyar Kano, Hausa a bakinta kamar me. Ta ɗaga shi, ta shinshina, ta dube ni. Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni: "'Yata, abin nan duk makarantun da ya zaga ba wanda ya taɓa sa masa ruwa? Haba!" Matar ta yi dariya har ta dafa bango. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira. Ina! Ta share hawaye, ta karɓi dambun, ta yi godiya har da risinawa, sannan ta ce, "Malama, akwai makarantu a bayanku suna jira, su ma yanzu sun rasa. Sai dai ku dawo wani zangon."

Litinin iyaye suka cika aji, wasu sun rufe shago sun zo. Na tsaya gabansu hannu wayam. Wata ɗaliba, wadda ta fi kowa wahala a kan aikin, ta ce, "Malama, ina yake?" Ban iya cewa wanka aka yi masa ba. Na ce ba shi da lafiya. Mahaifinta, wani direba, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ajin duka suka amsa da amin. Yarinyar kaɗai ce ba ta amsa ba, kuka take yi. Ajin ƙarshe take, kafin layi ya sake zagayowa ta gama makaranta.

Har yau in na ba da labarin ana dariya, ni ma ina yi, sai na tuna fuskarta in tsaya. Na koyi cewa abin da jama'a ke tarayya a kansa, ba mugu kaɗai ake tsare shi daga gare shi ba. Duk wanda hannunsa zai iya kaiwa gare shi sai a zaunar da shi a yi masa bayani, tun ma ba mai son a fita kunya ba.