Saitin da Aka Hana Ni Taɓawa

Shekara huɗu na yi ina tsaron shagon intanet na wata Madam 'yar kabilar Ibo a Tudun Wada. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka abin da aka ce in yi shi nake yi, ba ƙari ba ragi. Injiniyan da ya haɗa mana rawuta, akwatin da ke kawo intanet, ya ɗaure gudun raminta na farko, inda ake jona waya, a kan ɗari, ya ce kada kowa ya taɓa. Ko shara nake yi, nesa da teburin rawutar nake bi da tsintsiya.

Sai suwic ɗinmu ya ƙone, wato akwatin da ke raba wayoyi zuwa kwamfutoci. Madam ta sayo sabo, ni na jona shi. Fitila ta kawo kore sarai, amma shafi ɗaya sai ya yi minti biyar bai buɗe ba. Ga shi lokacin rajista ne. Ɗaliban jami'a na harabar Kongo suka riƙa tashi suna tsaki, suna komawa shagon gaba.

"Malam, hannunka ne ya taɓa shi ƙarshe," in ji Madam. "In Asabar ta yi bai gyaru ba, ƙanen mijina zai zo ya hau kujerar nan."

Na canza waya sau uku. Na hure ramuka, na goge ƙura da auduga. Ko salla nake yi sai in tsinci kaina ina ƙirga wayoyi, in rasa raka'a nawa na yi.

Ranar Juma'a da ƙyar na samu injiniyan a waya, ashe ya koma Kaduna.

"Tsohon suwic ɗin ne ba ya jin magana, shi ya sa na ɗaure gudun," in ji shi. "Sabon yana tambayar rawuta yadda za su yi aiki, ita kuwa na rufe mata baki. Da ya ji shiru sai ya kama aikawa da karɓa bi da bi, ita tana yi a tare, saƙonni suna karo. Mayar da ramin kan oto, su daidaita da kansu."

"Injiniya, kai ka ce kada a taɓa."

"To yanzu na ce taɓa!"

"In ta lalace fa?"

"Haba Malam, tuƙi nake yi!"

Ban yarda ba sai da ya turo mini a rubuce. Na karanta sau huɗu, na yi bisimilla, na danna. Fitila ta ɗauke. Can sai ta dawo. Shafi ya buɗe kafin in ɗage yatsa.

Madam ta leƙo. "Shi ke nan? Kwana biyar a kan dannawa ɗaya?"

A gabana ta kira ƙanen mijinta ta ce ya yi zamansa. Ta ɗauki jaka ta ce, "Daga yau ba sai mun kira injiniya ba, tunda ka iya."

Na ce wallahi ban iya ba. Ta riga ta tsayar da keke.