Shekarar da Na Sare Kawunan Takanɗa

A ƙauyenmu, kusa da Ollelewa, takanɗa abin sha ce lokacin kaka, ba wanda ke ware mata gona. Sai wata shekara mutanen proje, wani shirin raya noma, suka zo daga Tanut da iri a ƙananan buhuna, suka ce da ruwanta ana yin man da mota za ta sha maimakon esansi, wato fetur. Ni suka zaɓa don na ɗan yi boko. Mahaifina, wanda ƙarfinsa ya soma ƙarewa, ya ba ni kwarin da ya fi riƙe ruwa, inda muka saba shuka dawa.

Aikin ya fi noman hatsi cin rai. Da igiya ake auna tazarar shuka, kowane mako in gwada tsawon kara in rubuta. Malamin gona, wani siririn mutumin Damagaram, yakan zo a babur, ya matse ɗigon ruwan kara a kan ɗan gilashin auna zaƙi, ya ɗaga wa rana, ya girgiza kai.

A damina ta biyu ya zo da umarni: a sare kawunan rabin gonar tun ƙwaya ba ta cika ba, don zaƙin ya tsaya a kara. Mahaifina na tsaye da sandarsa.

"Malam, hatsi ne fa," in ji shi.

"Baba, ku yi haƙuri. Ni ma aiko ni aka yi."

Na sare. Tsohon ya bi bayana yana tsince ɗanyun kawunan, ya kai wa awaki. Kwana biyu bai ci tuwo tare da ni ba.

Karan kuwa ya yi zaƙi, har malamin ya yi murmushi. Muka yanke, muka ɗaure, muka zauna jiran motar da za ta kawo injin matsewa. Takanɗa ba ta jira. Da motar ta iso, bayan ta lalace a hanyar Belbeji, karan ya motse, ruwan ya yi tsami. Suka ɗauki dami kaɗan, sauran na bar wa Fulani makiyaya. Rumbunmu bai kai mu bazara ba, sai da na tafi cin rani.

Damina ta uku ba wanda ya zo. Daga baya na gamu da malamin a kasuwar Tanut, ya ce an rufe proje, takardun da na cika suna cikin kwali a ofis. Ya tambayi Baba, na ce ya rasu. Ya yi mini gaisuwa. Sannan ya ce ko ina da sauran irin, nasu ƙwari sun cinye. Na ce akwai kaɗan a tulu, zan kawo masa in na sake shigowa gari.