Waken Gwaggo a Ɗakin Zane

Har yau ban manta da ranar da Gwaggo Talatu ta zo gaishe da ogata ba. Lokacin ina cikin watannin gwaji a wani gidan adana kayan tarihi a Landan, a ɗakin da ake ajiye tsofaffin zane-zane na takarda. Idan aka samu matsala, sai dai a ce mini an gode.

Dokar ɗakin ita ce ba a shiga da abinci ko ganye, domin ƙwari na cin takarda. Ranar kuwa mun shimfiɗa aikin wata Bajamushiya da ta rayu shekaru ɗari uku da suka wuce, ko fiye, in ban yi kuskure ba. Tsutsotsi take kiwo a gidanta, tana ba su ganye, tana zana su har su zama malam-buɗe-littafi.

Gwaggo ta yi rajistar ziyara kamar kowa, ta hawo bas daga unguwar Thamesmead. Bayan doguwar gaisuwa, sai ta zaro ƙullin wake daga ƙarƙashin mayafi ta dire a kan teburin. Tsarabar Kano ce, wai ba a zuwa wajen mai riƙe da ɗiyarka hannu sake.

Ina kallo wani ɗan ƙwaro ya fito daga ƙullin ya nufi zanen. Na kife masa murfin biro.

"Gwaggo, ina jin kamar za a kore ni."

"Ke 'yar nan, mai zanen da kika ce ta kwana ɗaki ɗaya da tsutsa, ƙwaron wake ne zai dame ta?"

Ogata ta ce in fassara. Na so in rage, amma na faɗa mata duka. Ta yi dariya har ta cire tabarau. Sannan muka bi ƙa'ida: aka kwashe zanen, aka share ɗakin, aka sa waken a firizar da muke kashe ƙwari da sanyi. Ogata ta ce tunda na tare ƙwaron kafin ya isa zanen, aikina na nan.

Gwaggo ta leƙa firizar ta ce, "Tambaye ta ko da sauran wuri a ciki, akwai saura rabin buhu a gida."

Abin da na koya, wataƙila, shi ne mai wannan aiki idonsa a kan ƙananan abubuwa yake, kamar na Bajamushiyar. Sai kuma duba ƙarƙashin mayafin baƙi, cikin ladabi.